Tsohuwar tarakta a gonar gangara: in saya ko in haƙura?

Baban Ummi (Nguroje): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don abin ya hana ni barci kwana uku. An yi mini tayin wata tsohuwar Massey Ferguson 165 a wajen Zariya. Inji lafiya lau, bugu ɗaya take tashi, ba hayaƙi, haidurolik yana ɗaga garma ba gardama. Kuɗin da aka sa mata kuma abin da aljihuna zai iya ne. Matsalar ita ce gonata a Mambila take, tsakanin Nguroje da Gembu, kuma wanda ya san wurin ya san shimfiɗaɗɗen fili a wajenmu sai ɗan abin da ba a rasa ba. Fiye da rabin gonar gangara ce, daga ƙasa kuma rafi ne. Ƙanena Habu ne zai riƙa tuƙa ta. Ya yi damina uku yana tuƙin tarakta a Kura da Kadawa, amma can ƙasa kamar faifai take. Taraktar ba ta da komai a saman direba, ko rumfa babu. Mahaifiyarmu ta ce ita hankalinta bai kwanta ba. In saya ko in haƙura? In kuma na saya, me zan duba?

Ɗan Bokkos: Wa alaikumus salam. Saya kawai Alhaji, kafin wani ya riga ka. Tsohuwar Massey jaka ce, ba ta san gajiya ba, safayarta kuma ko'ina akwai. Mu nan Bokkos da Mangu da irinsu ake noman dankalin Turawa, kuma mu ma ba a kan faranti muke zaune ba. Matsoraci ba ya cika rumbu.

Sale Bakanike: Ɗan Bokkos, sannu da gaggawa. Alhaji, sau biyu na karanta saƙonka. Ka yabi inji, ka yabi haidurolik, amma ko sau ɗaya ba ka ambaci birki ba. Ba kai kaɗai ba ne. Shekara ashirin da 'yan kai ina wannan sana'a, ban taɓa ganin mai sayen tarakta da ya fara da taka birki ba. Kowa bakin salansa yake leƙawa.

Ita 165 tsakanin 1964 da 1975 aka ƙera ta, wato ko autarsu ta kama shekara hamsin. Birkinta a tayoyin baya kawai yake, na gaba 'yan rakiya ne. Feda biyu ce, ta hagu da ta dama, da ɗan ƙarfen da ake haɗe su da shi. A gona direba yakan taka guda ɗaya don ya sha kwana a ƙurarren wuri, kuma kowane direba da ɓangaren da ƙafarsa ta saba, shi ya sa gefe ɗaya yake riga ɗaya cinyewa. Ranar da ka danne su tare a gangara, ɗaya ya kama ɗaya ya ƙi, taraktar za ta murɗa ta ba gangarar haƙarƙari. Daga nan sai abin da Allah ya yi.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ka samu fili mai ƙasa, ka haɗe fedojin, ka sa a yi 'yar tafiya da ita, a danne birki da ƙarfi. Sai ka sauka ka dubi sawun taya. In jan da ta hagu ta yi a ƙasa bai yi daidai da na dama ba, akwai magana. Ka durƙusa ka leƙa gindin tayoyin baya ta ciki, in ka ga danshin mai to oyil sil ya mutu, kuma birkin irin wannan busasshe ne, da mai ya taɓa shi ya zama sabulu. Ka kaɗa sitiyari tana tsaye ka ga nawa yake tafiya kafin tayoyi su amsa.

Sai babbar tambaya: akwai wata ƙaramar liba a gaban direba da aka rubuta Multi-Power a jikinta?

Baban Ummi (Nguroje): Wallahi Malam Sale ka kama ni, ban taka birki ba. Libar kuwa na gan ta, mai taraktar ma ya ce ita ce ta sa ta fi sauran daraja.

Sale Bakanike: A Kadawa daraja ce. A Mambila sai an yi hattara da ita. Wannan libar matsayi biyu gare ta, na sama da na ƙasa. In tana na sama, inji yana riƙe tarakta a gangara kamar yadda aka saba. In tana na ƙasa, da ka kama gangara tayoyi suka fi inji sauri, sai ta sake ta, ta zama tamkar ka sa firi, alhali giya tana ciki. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. Direban da ya koyi aiki a fili zai iya yin shekara biyar da ita bai sani ba, don bai taɓa samun gangarar da za ta nuna masa ba. Ƙa'ida: ba a gangarowa sai tana na sama. Kuma in abin da ke cikinta ya gaji, wani lokaci ko ka tura ta sama ba ta kamawa. Dole a gwada a kan tudu kafin a biya kuɗi.

Habu Direba: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne Habun da ake magana, Yaya ne ya sa ni a zauren. Na gode da shawarwari, amma gaskiya ana tsorata Yaya da yawa. Tarakta ba a hannun kowa na ga tuƙinta ba, na sha rana da ita. Maganar firi kuma, Oga Sale, ai kowane direba yana yi don a rage shan gas. In ka ji ta fara gudu ka taɓa birki, shi ke nan.

Sale Bakanike: Ƙanena, gas nawa za ka rage a gangarar da ba ta kai minti biyu ba? Ko cikin kofin shayi bai kai ba. Tarakta ba Golf ba ce. In ta ɗauki gudu a firi, giyar ba za ta sake shiga ba, sai dai ka ji ƙarrr. Ya rage daga kai sai birkin da ya girme ka da shekara talatin. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko, kuma tun kana sama za ka zaɓe ta. Da ka fara gangarowa ƙafarka ba ta da hulɗa da kuloci.

Dattijo na Biu: Habu ɗana, ka ba ni kunnenka. Jikana ne yake rubuta mini, idona ya yi rauni.

A shekarun 1980 na yi tuƙi a sashen hayar tarakta na gwamnati, lokacin da ake harhaɗa Steyr a Bauci, Fiat a Kano, ana kawo mana su sababbi fil. Ƙasarmu ta Biu tudu ce da baƙin dutse, ba ta kai taku tsayi ba amma ita ma ba ta wasa. Akwai wani yaro da muka yi aiki tare, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yan 'yan'uwansa suna nan. Ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. In ya yi maka huɗa kamar da zare aka ja.

Wata rana aka tura mu share wata sabuwar gona. Akwai kututturen da ya hana garma wucewa. Ya ɗauko sarƙa ya ɗaure kututturen, ɗaya bakin kuma maimakon ya sa a ƙarfen ja na ƙasa, sai ya maƙala a sama, wurin da ake sa sandar garma ta tsakiya, bayan kujera. Ya ce in an ɗaure a sama tayoyi sun fi cizon ƙasa. Gaskiyarsa ne, sun fi cizo. Hancin taraktar kuma yana kallon tudu. Ni ina gefe da buta a hannu zan yi alwalar azahar. Ya ja sau ɗaya, kututture bai motsa ba. Ya ƙara wuta, ya saki kuloci gaba ɗaya.

Ɗana, butar nan ban kai ga ajiye ta ba. Na ga tayoyin gaba sun tashi, na buɗe baki zan kira sunansa, kafin sunan ya fita ta riga ta kwanta a bayanta, shi yana ƙarƙashi. Injin ya ɗan ci gaba da kuka, baƙin mai yana zuba a ƙasa. Sai da muka tara mutanen ƙauye da gungume kafin muka ɗaga ta. Ba mu kai asibiti da shi ba. Da muka dawo ɗaukar kaya da yamma, hularsa tana nan a reshen da ya rataye ta.

Wanda ya fi ni iya tuƙi ke nan. Shi ya sa in na ji yaro ya ce "na iya", sai gabana ya faɗi.

Maman Hanif: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa da rahama.

Habu Direba: Amin. Baba, Allah ya ƙara girma, jikina ya yi sanyi. Amma don Allah, me ya hana shi taka kuloci da ya ji ta tashi?

Injiniya Samaru: Tambaya mai kyau, Habu, kuma amsarta ita ce lokaci. Masu binciken hatsarin tarakta sun auna: in ta fara tashi ta baya, cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ɗaya takan kai inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kai ƙasa. Kafin kwanyarka ta gane abin da ke faruwa ta aika wa ƙafa, lokacin ya ƙare. Ga shi kuma tashin yana jefa ka baya, ƙafar tana nisa da feda.

Dalilin tashin kuwa, inji ƙoƙarinsa ya juya tayoyin baya. In tayoyin sun kafe sun ƙi juyawa, ƙarfin ba ya ɓacewa, sai ita gangar jikin taraktar ta juya a kan tayoyin. Haka yake faruwa in ta maƙale a taɓo aka ɗaura mata gungume a taya aka ce ta yi gaba. Shi ya sa duk abin da za a ja, a ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaure shi, wanda yake ƙasa da aksil. In ta kafe, da ribas ake fita. Tudu mai tsini ma, in da garma mai nauyi a baya, da baya ake hawansa. A sa mata kuma ƙarafan nauyi a hanci. Na sha ganin an cire su an sayar wa 'yan gwangwan, ana cewa ba su da aiki.

Amma abin da ya fi damuna da gonar Alhaji kifewa ta gefe ce, don ita ta fi yawa. Mutane suna ganin taya huɗu su ɗauka kamar tebur take tsaye. Aksil ɗin gaba a kan ƙusa ɗaya yake lilo a tsakiya, don haka a zahiri kamar tukunya take a kan duwatsun murhu uku, ga ta da tsayi. Tana tafiya a karkace a jikin gangara, tayar da ke sama ta hau dutse ko suri, ko ta ƙasa ta faɗa ramin gafiya da ciyawa ta rufe, shi ke nan. Gudu kuma yana ninka abin: in ka ninka gudu sau biyu a kwana, ƙarfin da ke tura ka waje sau huɗu yake ƙaruwa.

Abubuwan da ke taimakawa: a buɗa tayoyin baya su yi faɗi iyakar yadda aikin zai yarda, irin waɗannan ana juya rim ɗinsu don haka. A zuba wa tayoyin baya ruwa kamar kashi uku cikin huɗu, nauyin ya sauko ƙasa. Kada a yi tafiya da garma a ɗage can sama. In ka ji gefen sama ya fara sauƙi, ka karya sitiyari zuwa gangara, ba zuwa tudu ba, ko da zuciyarka tana ce maka akasin haka. Bakin rafi kuma, in zurfin gaɓar ya kai mita biyu, ka bar aƙalla mita biyu tsakaninka da ita, a ƙasa mai laushi ma fiye.

Wani abu da ba a cika lura ba: Mambila ta kai wajen mita 1,600 sama da teku. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Ka lissafa. Taraktar da ke jan garma a giya ta uku a Kadawa za ta nemi ta biyu a Nguroje, kuma wurin canza giya a tsakiyar hawa ne ake samun matsala.

Abu Sumayya: Duk wannan lissafi ne kawai. Wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake sai ya tafi. Yaron da Baba ya faɗa ranarsa ce ta zo.

Sale Bakanike: Haka ne Malam. To shagonka da kake garƙama wa kwaɗo biyu kowane dare fa? Ai abin da aka rubuta za a sace sai an sace.

Abu Sumayya: Wannan daban.

Mai Walda Jalingo: Alhaji, in rufin sama ne matsalar, kawo ta wajena a hanyarka ta wucewa. Zan haɗa maka ƙarfe huɗu da rumfa, kwana biyu na gama. Na yi wa mutane da yawa, ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Injiniya Samaru: Maigida, da girmamawa, wanda abin ya faɗa wa ai ba zai dawo da ƙorafi ba. Rumfar rana daban, ƙarfen kariya daban. Shi ƙarfen kariya, wanda Turawa ke kira ROPS, ana ƙera shi ne don kowane samfurin tarakta, a gwada shi da duka da dannawa, ya lanƙwasa kaɗan ya shanye bugu ba tare da ya karye ba, ya bar wa direba wurin da zai tsira. A jikin aksil ɗin baya ake ɗaure shi da notuna masu ƙarfi na musamman. Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, mutuwar kifewa ta ragu ƙwarai a can. Ingila ta bi a 1970, Amurka ta sa dokarta ta ma'aikatan gona a 1976. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken hatsarin wurin aiki, ta ce in an haɗa shi da bel ɗin kujera, yana hana mutuwa ko mummunan rauni a kashi 99 cikin 100 na kifewa.

Bututun ruwa da aka yi wa walda a murfin taya kuwa, in tan biyu da wani abu ya faɗo masa, ko ya naɗe a kan direba ko ya tsinke ya zama mashi. Mafi muni, yana sa direba ya saki jiki ya shiga inda da ba zai shiga ba.

Mai Walda Jalingo: Injiniya, kai kana Samaru kana karanta littafin Turawa. A ina talaka zai samu wannan da kake faɗa? Ni ba bututun ruwa nake sawa ba, ƙarfe mai kauri nake saye. Ko babu komai ai ya fi babu. Da hanau gara mannau.

Injiniya Samaru: Ban raina sana'arka ba, kuma tambayarka gaskiya ce. Amma akwai hanya. Taraktocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai da yawa da ƙarfensu suke zuwa, mu ne muke kwance shi don wai yana hana shiga ƙarƙashin mangwaro ko yana tsayi a kan tirela. Suna nan zube a wuraren 'yan safaya. A nemi na 165 ɗin kansa, wanda bai lanƙwashe ba, tsatsa ba ta ci shi ba, ba a taɓa yanka shi an haɗa ba. Aikinka a nan shi ne ka yi masa rumfar da za a maƙala da kilif, ba tare da ka huda shi ko ka sa masa wuta ba.

Maganar "ya fi babu" kuma ga inda take da haɗari. In akwai ƙarfen gaske, dole direba ya ɗaura bel, don kada ya faɗo ƙarfen da kansa ya danne shi. In babu ƙarfe, ba a ɗaura bel sam, don ɗan damar da ta rage masa ita ce ya wuntsila gefe. To naka, Habu ya ɗaura ko kada ya ɗaura? Ba wanda ya sani, har kai da ka ƙera.

Mai Walda Jalingo: Ni dai na faɗi nawa. In an samu na asalin a kawo in ɗaura, ba zan ƙi ba.

Maman Hanif: Ku yi haƙuri maza, ni ba direba ba ce, amma akwai abin da ban ji kowa ya taɓo ba. Ɗaukar mutane. Ɗan yayata yana da shekara tara, lokacin kaka ne, aka ɗora shi a murfin taya don ya ji daɗi, sauran yara suna bin su da gudu suna ihu. Ba gudu ake yi ba, ba gangara mai yawa ba ce. Taya ta faɗa ɗan kwari, ya zame. Allah ya taƙaita, ƙafar ce kawai ta shiga. Yanzu saurayi ne, da sanda yake tafiya. Direban kuma kawunsa ne, har yau ba ya iya haɗa ido da uwar yaron a wurin biki.

Alhaji, kai da ake kira Baban Ummi, ranar da taraktar nan ta iso ƙofar gidanka Ummi ce za ta fara cewa a ɗora ta. Kujera ɗaya aka yi mata, mutum ɗaya ne.

Baban Ummi (Nguroje): Hajiya, kamar kin san ta. Tun jiya take tambaya yaushe motarta za ta zo. Na ji, na kuma ɗauka.

Malamin Gona Mubi: Ni kuma a nan kaina ya ɗaure. Shekara da shekaru muna koya wa manoma su yi huɗa a gicciye, kunya ta bi ƙugun tudu, don ruwa kada ya kwashe ƙasa da taki. Yanzu Injiniya yana cewa tafiya a gicciye ita ke kifar da tarakta. In Alhaji ya yi huɗa daga sama zuwa ƙasa a ruwan Mambila, shekara uku gonar ta koma kwazazzabai, ƙasar tana cikin rafi. Wanne za a bi?

Injiniya Samaru: Dukkanmu muna da gaskiya, Malam, kuma a nan ne amsar Alhaji take. Inda gangara mai sauƙi ce, a yi a gicciye kamar yadda kuke koyarwa, a hankali, da tayoyi a buɗe. Inda ta yi tsinin da tarakta ba za ta iya gicciyawa lafiya ba, to ba wurin tarakta ba ne ko ta wace fuska. Ba lamba ɗaya da ta dace da kowace tarakta da kowace ƙasa, amma ni ƙa'idata da tsohuwa irin wannan: ka ɗauki sanda mai mita ɗaya, ka dafa bakinta ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, ka daidaita ta a miƙe, ka auna daga ɗaya bakin zuwa ƙasa. In ya kai santimita 20, ban yarda a shiga ba. In ciyawa da raɓa ko an kwana ana ruwa, ko bai kai ba a jira rana ta fito.

Malamin Gona Mubi: To mun haɗu. Ai kakanninmu na duwatsun Mandara ba wawaye ba ne da suka yi ta jera dutse suna yanka tudu hawa-hawa. Je ka Sukur a Madagali ka gani, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999. Wurin da ya yi tsini a bar wa fartanya da shanun huɗa, ko a dasa itatuwa.

Ɗan Bokkos: Bari in dawo in gyara maganata ta farko, don na yi sauri. Duk abin da aka faɗa direbobinmu da yawa sun sani. Abin da ke kashe su ba jahilci ba ne, layi ne. Ruwan shuka ya sauka, manomi goma sun biya kuɗi, kowa yana tsaye a kanka. Direba da yawan kadadar da ya huɗa ake biyansa. Mai gona ya ce "ɗan ƙarasa mini can gefen, ai na biya", gefen kuma shi ne bakin tsohon ramin kuza. In ya ƙi, a kai ƙararsa wurin mai tarakta, mai tarakta ya ce ka kore mini kwastoma. Sai ka ga ana huɗa har bayan isha da fitilar waya, wani ma ya haɗiyi ƙwaya don kada barci ya ɗauke shi.

Alhaji, taraktar nan ba gonarka kaɗai za ta yi ba, kada mu yaudari juna, haya za ka ba da don ka mai da kuɗinka. Ranar da Habu ya kira ka ya ce ya bar rabin gonar wani babban mutum don ta yi tsini, me za ka ce masa?

Habu Direba: Yaya, amsa wannan a gaban jama'a don Allah.

Baban Ummi (Nguroje): Kai Habu, ka samu 'yan goyon baya ko? To na amsa, jama'a shaida ne. Duk gonar da za a yi haya, sai ka taka ta da ƙafa tukuna, kafin a karɓi kuɗi ba bayan an karɓa ba. Inda ka ce a'a, a'a ne, mai gona ya zo wurina. Kuma albashin wata zan yi maka, ba na kadada ba.

Dattijo na Biu: Madalla. Saura tirela. Buhu 50 na masara mai kilo 100 tan biyar ke nan, ya ninka nauyin taraktar, tirelolinmu kuma yawanci ba birki. A gangara ba kai kake jan kaya ba, kaya ne suke tura ka, su naɗe ka kamar wuƙar aski. A raba lodi biyu, a yi sawu biyu. Kuma kada ka kuskura a hau da ita hawan Mambila, daga Mayo Selbe zuwa Maisamari, da ƙafarta don a rage kuɗin mota. A ɗora ta a babbar mota har gida.

Baban Ummi (Nguroje): Jama'a, na dawo da bayani bayan kwana tara. Na koma Zariya da bakanike. Gwajin Malam Sale muka fara yi: tayar dama ta ja ƙasa kamar taku uku, ta hagu ko alama babu. Da aka buɗe, birkin hagu jiƙe yake sharkaf da mai. Ƙarfen haɗe fedoji ma babu shi, da waya aka ɗaure. Mai taraktar ya ce shi bai taɓa lura ba, kuma na yarda da shi, don gonarsa fadama ce. Libar nan mun gwada ta a wani ɗan tudu, tana kamawa. Ya rage mini kuɗin gyara, na biya. Tana garejin yanzu, za a canza sil da birkin gefe biyu, a buɗa tayoyi.

Ni da Habu mun zaga gona da sanda da tef. Abin ya ba ni mamaki, wurin da nake gani ba komai ya ba da santimita 26. Mun kafa turaku mun ɗaura jan ƙyalle, kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya fita, har da duk bakin rafi. Hajiyarmu kuma ta yanke nata hukuncin: ba ƙarfe a sama, ɗanta ba ya hawa. Mun duba Ƙofar Ruwa a Kano ba mu dace ba, wanda muka gani an taɓa yanka shi an haɗa. Wa ke da ido a Panteka ta Kaduna?

Sale Bakanike: Ina da yaro a can, zan sa ya zaga gobe. Ka ɗauko mini hoton aksil ɗin baya ta gefe biyu, inda murfin taya ya zauna, don 165 ba duka aksil ɗinsu iri ɗaya ba ne. In an samu kada ka yarda a ba ka shi ba notunansa.

Habu Direba: Oga Sale, a haɗa da bel. Kujerar ma rabinta katako ne.